Zaman 'Yan Marina: Ƙawancen Gwamnonin Sauyi da Tsohuwar Jihar Kaduna, 1979 zuwa 1983

Kwana bakwai ne tsakanin zaɓen 'yan majalisar jiha da na gwamna a 1979, kuma a cikin kwanakin nan bakwai aka ƙulla abin da ya riƙe wuyan siyasar tsohuwar Jihar Kaduna har shekara huɗu. A lokacin ba a yanke Jihar Katsina ba, saboda haka mutanen Daudawa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara duk 'yan Jihar Kaduna ne, tare da Zage-zagi da mutanen kudancin Zariya. Ranar Asabar 21 ga Yuli aka zaɓi majalisa mai kujera 99. Jam'iyyar NPN ta kwashe 64, PRP ta Malam Aminu Kano ta sami 16, GNPP 10, NPP 6, UPN 3. Wanda duk ya ga wannan sakamako zai ce an gama, kujerar gwamna ta ɗan takarar NPN, Alhaji Lawal Kaita, ce. Asabar ta zagayo, 28 ga wata, sai ga Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, akanta ɗan ƙasar Zazzau, ya kayar da shi da 'yar tazara ƙanƙanuwa. Jam'iyya mai kujera 16 ba ta yin haka da ƙarfinta ita kaɗai. Magoya bayan sauran jam'iyyun ne suka duba lissafi, suka ga idan kowa ya ci gaba da jefa wa nasa to NPN za ta haɗa majalisa da gidan gwamnati, sai suka tattara ƙuri'unsu a kan mabuɗin PRP. Ƙorafin da wasu 'yan NPN ɗin kansu ke yi da ɗan takararsu, da tsohuwar gasar da ke tsakanin lardin Katsina da na Zazzau, su ma sun taimaka.

Daga irin wannan haɗin kai na mako ɗaya aka gina babban ƙawancen da ya fara da gwamnoni tara, ya koma sha biyu, aka raɗa masa suna PPA a 1982, ya watse kafin a kai rumfar zaɓe a 1983. Abin da aka saba faɗa shi ne tsofaffi biyu suka kashe shi, Cif Obafemi Awolowo na UPN da Dakta Nnamdi Azikiwe na NPP, don kowannensu ya ƙi janye wa ɗan'uwansa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ta makara. Ni a ganina ƙawancen ya riga ya mutu tun kafin a zo maganar ɗan takara, kuma a Kaduna aka ga gawarsa, a watan Yunin 1981. Daga jinka aka fara gininsa. Gwamnoni ne suka ƙulla shi a ɗakunan taro, bai sauka zuwa majalisu ba balle mazaɓu, ba shi da wata hanya da aka amince da ita ta yanke hukunci idan an saɓa, kuma jam'iyya ɗaya tilo da ke da saiwa a cikin talakawan ƙasar Hausa ita ta biya kuɗinsa da ranta.

Neman abokin tafiya daga Kudu ba sabon abu ba ne ga 'yan sauyin Arewa. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Azikiwe tun 1954, domin ita ke da magoya baya amma ba ta da kuɗi ko lauyoyin da za su fito da mutanenta daga gidan yarin En'e. A 1964 ma NEPU da UMBC sun shiga babbar rumfar UPGA tare da NCNC da AG, rumfar da ta ƙare da ƙaurace wa zaɓe rabi da rabi, wasu sun fita wasu sun zauna. A duk waɗannan tafiye-tafiye ɗan NEPU ne ƙaramin abokin tarayya, kuma shi ke shan bulala a ƙauye idan manya sun koma Legas da Inugu. Malam Aminu ya rayu cikin wannan duka, kuma wanda bai riƙe wannan a ransa ba ba zai gane abin da ya yi a 1980 ba.

Su kuwa manoman kudancin Katsina, abin da ya ja kunnensu zuwa wannan siyasa ba a littafi suka karanto shi ba. Ƙasar auduga ce. Tun zamanin Turawa aka kafa gonar irin auduga a Daudawa, aka kafa injin gurza a Funtuwa, aka tsara rayuwar manomi a kan fuloti. Kaka ta yi, ya kai audugarsa, a duba ta a sa mata daraja, a auna, a biya shi farashin da ba shi ya yanka ba, kuma kafin kuɗin su ɗumama a aljihu mai unguwa da dagaci suna jira da takardar haraji. Bafulatanin da ke dajin yankin shi kuma jangali ke binsa, a ƙirga masa shanu a ƙara da waɗanda babu. Haraji ya wuce kuɗi kawai, igiya ce a hannun hakimi, da ita ake ladabtar da wanda ya yi taurin kai, da ita ake sa magidanci ya sayar da hatsin gidansa ko ya gudu ci-rani. Don haka da gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali da hawansu mulki a Oktoban 1979, talaka ya ga abin da bai taɓa gani ba, wato alkawarin siyasa ya zama aiki a cikin kwanaki. Sauran jihohin Arewa dole suka bi sahu. Balarabe ya ƙara da kafa hukumar binciken filaye don a duba gonakin da masu ƙarfi suka ƙwace wa marasa ƙarfi, kuma wannan ya taɓa masu sarauta a inda ya fi yi musu zafi.

Sai dai ikon gwamna yana da iyaka, kuma a nan hujjar masu son ƙawance ta fi ƙarfi. Gwamna na iya yafe haraji, amma ba shi ke yanka farashin auduga ba. Tun 1977 aka mai da hukumomin sayen amfanin gona na tarayya, kuma hukumar auduga, duk da hedikwatarta a Funtuwa take, Legas take sauraro. 'Yan sanda na tarayya ne. Kason kuɗin man fetur daga tsakiya yake fitowa. Jam'iyyar da ke mulkin jiha biyu cikin 19, wadda ɗan takararta na shugaban ƙasa ya sami kashi 10 cikin ɗari, ba ta da hanyar kai hannu ga waɗannan sai da abokai. Alhaji Shehu Shagari kansa da kusan kashi 34 ya hau, ke nan mutum biyu cikin uku ba shi suka zaɓa ba. Duk mai hankali da ya dubi wannan lissafi zai ce a haɗu. Ban ga laifin gwamnan Kano Muhammadu Abubakar Rimi da Balarabe Musa ba da suka ga haka. Tambayar ita ce a kan me za a haɗu, kuma wa zai riƙe igiyar.

Gwamnonin tara su ne biyar na UPN, wato Legas da Ogun da Oyo da Ondo da Bendel, sai Muhammadu Goni na Borno da Abubakar Barde na Gongola daga GNPP, sai Rimi da Balarabe. Suna zagayawa jiha-jiha suna taro suna fitar da sanarwa. Idan aka duba abubuwan da suka haɗa su, kusan duka na kare kai ne. Akwai haushin hukuncin nan na sha biyu da biyu bisa uku, wanda Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari kujerarsa da shi a Satumban 1979, kuma a kan ƙuri'un Jihar Kano aka yi wannan lissafi. Akwai jami'an tuntuɓa da shugaban ƙasa ya naɗa a jihohi, waɗanda gwamnonin ke kallo a matsayin kishiyoyi da aka ajiye musu. Akwai kamun Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, da aka kwashe a Janairun 1980 aka jefa shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, har sai da kotu ta dawo masa da 'yancinsa. Akwai jinin manoman Bakolori da 'yan sanda suka zubar a Afrilun wannan shekara. Akwai rigimar rabon arzikin ƙasa, wadda ta kai Kotun Ƙoli ta rushe dokar rabon a 1981. Waɗannan duk ƙorafe-ƙorafe ne na gaskiya, kuma tsayuwar da gwamnonin suka yi ta rage wa gwamnatin tarayya gaba gaɗi. Amma kowanne daga cikinsu amsa ce ga abin da NPN ta yi. Da an tambaye su abin da za su yi tare ranar da babu NPN, da an ji amsa huɗu.

UPN jam'iyya ce mai tsari da ɗa'a, tana da manufofi huɗu da kowane yaro a Yamma ya haddace: ilimi kyauta, magani kyauta, raya karkara, da aiki ga kowa. Amma ba ta da rigima da sarakunan Yarabawa ko attajiransu, kuma komai nata a hannun mutum ɗaya yake. PRP kuwa a kan rikicin talaka da mai mulki aka haife ta, maganarta ita ce a sauya wanda ke riƙe da ƙasa da kotu da kasuwa. GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim ce, hamshaƙin ɗan kasuwa kuma tsohon ministan NPC, mai kiran siyasa ba da gaba ba. NPP, wadda ta zo daga baya, kusan shekara biyu ta yi cikin gwamnatin Shagari da ministocinta da kakakin majalisar wakilai. Kalmar ci gaba da suka lulluɓa da ita mayafi ne mai faɗi, kowa ya shiga da kayansa. Zaman 'yan marina aka yi, ana wuri ɗaya, kowa da inda ya sa gaba.

Tun a 1980 wannan zama ya fasa PRP. Uwar jam'iyya, ƙarƙashin Malam Aminu da sakatarenta S. G. Ikoku, ta umarci gwamnonin biyu su daina zuwa taron, suka ƙi, aka kore su. Su kuma suka ja mafi yawan masu riƙe da muƙaman gwamnati da 'yan boko, suka tsai da tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu a matsayin shugaba. Mutanen Kano suka raɗa wa ɓangarorin suna, na gwamnoni 'yan Santsi, na Malam 'yan Taɓo, kuma sunayen suka bazu har ƙasar Katsina da Zazzau. 'Yan Santsi na zargin na kusa da Malam da sassauci ga NPN da kwaɗayin shiga gwamnatin haɗin kai, kuma ba za a ce zargin ba shi da tushe ba, tunda Ikoku kansa NPN ya ƙare. Amma abin da Malam ya tsaya a kai ya fi wannan zurfi. Gwamna ɗan jam'iyya ne, jam'iyya ce ta tsai da shi, kuma idan za a ƙulla ƙawance jam'iyya ce za ta ƙulla, da sharuɗɗanta a rubuce. Taron da biyar cikin tara na Awolowo ne, ko an so ko an ƙi, akalarsa tana Ikenne, a hannun Awolowo. Ana iya cewa Malam ya yi saurin kora, kuma na yarda ya yi, domin jam'iyyar da ta kori gwamnoninta biyu kacal ta yanke hannunta da kanta. Amma tsoronsa ya tabbata. Kafin ƙawancen ya rage wa NPN kujera ko ɗaya, ya riga ya raba gidan talakawa biyu, ya mai da waɗanda suka sha ɗauri tare a zamanin NEPU suna jifan juna a bakin kasuwa.

Yanzu a koma Kaduna. Tsarin mulkin 1979 ya ce sai da kashi biyu bisa uku na majalisa ake tsige gwamna. A majalisa mai mutum 99 wannan 66 ne, NPN kuwa 64 gare ta. Mutum biyu ne tsakanin Balarabe da faɗuwa tun ranar da ya yi rantsuwa. Da haɗin kan da aka yi ranar 28 ga Yuli an yi shi ranar 21, da jam'iyyun nan huɗu sun tsai da mutum ɗaya a kowace mazaɓa maimakon su raba ƙuri'a, da wuya NPN ta kusanci wannan adadi. An haɗu a kan kujera ɗaya mai ɗaukar ido, an bar kujeru 99 da ke riƙe da ita. Majalisar, ƙarƙashin kakakinta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da gwamna ke aikawa, har ya shafe mulkinsa duka ba shi da majalisar zartarwa. Kafin tsakiyar 1981 NPN ta sami ƙarin hannayen da take nema, kuma ranar 23 ga Yuni aka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin Nijeriya. Kotu ba ta iya komai ba, don tsarin mulkin ya hana ta shiga maganar. Mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau.

Abin lura ga Bakatsine shi ne wannan faɗa kusan na cikin gida ne. Lawal Kaita jinin sarautar Katsina ne. Dakta Yusufu Bala Usman, masanin tarihin da ya zama sakataren gwamnatin Balarabe kuma ƙwaƙwalwar 'yan Santsi, shi ma daga wannan gida ya fito, ta Musawa. Kakakin majalisa Bakatsine, wanda ya gaji gwamna Bakatsine. Umaru Musa 'Yar'aduwa yana matashi PRP ya bi, mahaifinsa kuwa jigo ne a NPN. Ke nan ba rikicin ƙabila ba ne ko na lardi zalla, saɓani ne a kan yadda za a mulki talaka, kuma ya ratsa ta tsakiyar gidaje.

Za a ce ai Balarabe ne ya jawo wa kansa, da ya ba NPN 'yan kujerun kwamishina da an zauna lafiya. Akwai gaskiya a ciki. Mutum ne da ba ya lanƙwasuwa, kuma mai kujera 16 da ke magana kamar mai 60 ya shirya wa abin da zai biyo baya. Amma wannan hujja ba ta wanke ƙawancen ba, ƙara tona shi ta yi. Idan akwai gwamnan da ya kamata abokan tafiya su zauna da shi su tsara yadda zai tsira, ko da sulhu ko da riƙe mutum 35 ɗin nan kada ko ɗaya ya zame, to shi ne. Ƙawancen ba shi da wannan aiki a tsarinsa. Yana da wurin da gwamna zai gana da gwamna, ba shi da wurin da ɗan majalisar GNPP zai zauna da na PRP su yi rantsuwar tsayawa tare, balle shugaban jam'iyya na gunduma ya san takwaransa. Gwamnoni takwas suka yi Allah wadai, jaridun Legas da Ibadan suka yi ta rubutu, aka tsige shi duk da haka. Bayan kwana 17, ranar 10 ga Yuli, rikici ya ɓarke a Kano a kan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka ƙone gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad. A cikin mako uku aka karya ƙafa ɗaya ta PRP aka raunata ɗayar.

Wani abin baƙin ciki shi ne a daidai wannan lokaci ƙawancen ya fi kama da mai ƙarfi. A Yulin 1981 yarjejeniyar NPN da NPP ta rushe, gwamnonin Anambra da Imo da Filato suka shigo, tara ta zama sha biyu cikin 19. A Maris na 1982 aka hallara a Maiduguri aka ƙaddamar da PPA, da UPN da NPP da ɓangaren GNPP da 'yan Santsi, domin shi ma Waziri Ibrahim ya ja baya jam'iyyarsa ta dare. Tattalin arziki ma ya ba su dama, farashin mai ya faɗi, gwamnati ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, shinkafa ta zama abin neman alfarma, albashi ya fara makalewa. Amma tun a nan aka kasa amsa tambayar farko, shin narkewa za a yi a zama jam'iyya ɗaya ko kowa ya riƙe tutarsa. NPP da ɓangarorin Arewa suka nemi rajistar sabuwar jam'iyya mai suna PPP, UPN ta ƙi rushe gidanta, hukumar zaɓe ta FEDECO kuma ta hana rajistar, ta ce PRP ta Malam Aminu ce, GNPP ta Waziri. Nan take gwamnonin PRP da GNPP suka wayi gari ba su da jam'iyyar da za su tsaya a cikinta. Abubakar Rimi ya koma NPP ya sauka daga kujerarsa, Barde ma NPP, Goni ya tafi UPN. Balarabe bai bi su ba, ya zauna da sunan PRP har ƙarshen rayuwarsa a 2020.

Sai a nan maganar tsofaffin biyu ta shigo. An yi taro bayan taro an kasa fitar da ɗan takara, daga ƙarshe aka ce kowa ya tsaya, da fatan a hana Shagari cika sharaɗi a tafi zagaye na biyu. Masu ɗora laifin a kan son kai suna mantawa cewa babu ɗan siyasar da ba shi da buri. Aikin tsari shi ne ya sama wa buri hanyar da zai bi ba tare da ya rushe gida ba. A 2013 da ACN da CPC da ANPP suka tashi haɗuwa, sun fara da rushe jam'iyyunsu, suka karɓi rajista ɗaya da sunan APC, sannan a Disamban 2014 suka yi zaɓen fidda gwani a Legas, waɗanda suka faɗi suka zauna. Ko me mutum zai ce game da mulkin APC daga baya, kuma akwai abin faɗa da yawa, masu burin cikinta ba su fi Awolowo da Azikiwe tawali'u ba, akwatin da za a raba gardama ne suka tanada. PPA ba ta da wakilai, ba ta da rajistar 'ya'ya, ba ta da ƙa'idar ƙirga ƙarfin kowa, sai dai a roƙi dattijo ya haƙura. A maƙwabta ma an ga irin wannan. A Nijar, ƙawancen AFC ya kayar da MNSD a 1993 ya ɗora Mahamane Ousmane, amma da yake ƙin tsohuwar jam'iyya ne kaɗai ya haɗa su, a Satumban 1994 Mahamadou Issoufou ya ajiye muƙamin firaminista ya fice da PNDS, kuma a Janairun 1996 soja suka karɓe.

Hujja mafi nauyi da za a kawo a kaina ita ce maguɗi. Za a ce ko da an haɗu, NPN ba ta da niyyar faɗuwa. An juya jerin zaɓe a 1983 aka fara da na shugaban ƙasa ranar 6 ga Agusta, don kada a sake samun makon da 'yan adawa za su duba sakamako su gyara lissafi kamar yadda aka yi a Kaduna. A alƙaluman hukuma Shagari ya sami fiye da kashi 47, Awolowo 31, Azikiwe 14, wato ko an haɗa na biyun ba su kamo shi ba, kuma mutane da yawa ba su yarda da alƙaluman ba. Ban musa an yi maguɗi ba, an yi shi ƙiri-ƙiri. Amma a duba inda ya ci da inda ya kasa. A Ondo an sanar da Akin Omoboriowo na NPN, jama'a suka tashi, kotu ta mayar wa Adekunle Ajasin kujerarsa, domin UPN tana da wakili a kowace rumfa da takardun sakamako a hannu. A Kano, wata huɗu bayan rasuwar Malam Aminu ranar 17 ga Afrilu, Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya ci da mabuɗin PRP, ya kayar da NPN ya kuma kayar da Rimi, gwamnan da ya yi aikin da har yau ake ambato. Inda jam'iyya ke da saiwa, an kasa tumɓuke ta. Inda ƙawance ya raba ta, wato Borno da Gongola da Kaduna, duka uku NPN ta ɗauke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a jihohin nan uku ba NPN ce ta fara tsaga bangon ba.

Faɗuwar Rimi ta nuna abin da masu taron Maiduguri ba su auna ba. Manomin da ya jefa wa mabuɗi a 1979 ya san dalilinsa, ya san alamar, ya san ta gaji tauraron NEPU, ya ga haraji ya tafi. A 1983 aka zo masa da wata alama, aka ce ita ce waccan, ita kuma waccan yanzu ta abokan gaba ce, kuma shugaban ƙasar da zai zaɓa ko Azikiwe ne ko Awolowo, gwargwadon wanda ya zo masa da mota. Ba wanda ya zo masa da farashin auduga da gwamnatin haɗin gwiwa za ta saya, ko makomar gonakin da hukumar filaye ta bincika. Shekara uku ana taro da sunansa, ba a taɓa rubuta masa shafi ɗaya na abin da zai samu ba. Wanda ya zarge shi da rashin wayewa don bai bi ba, bai yi masa adalci ba.

Ba na cewa tafiyar ba ta bar komai ba. Ta nuna cewa gwamna na iya ce wa shugaban ƙasa a'a ya kuma kai shi kotu ya yi nasara. Hutun ranar ma'aikata da gwamnatin PRP ta Kano ta fara bayarwa a 1980 ya zama na ƙasa baki ɗaya a shekarar da ta biyo. Ta kuma saba wa 'yan siyasar Arewa da na Yamma zama a tabarma ɗaya, abin da ya yi amfani a zamanin SDP. Amma a ma'aunin da ta kafa wa kanta, wato ƙwace mulki daga NPN da kare gwamnatocin sauyi, ta faɗi, kuma Arewa ce ta fi asara. UPN ta fita da jam'iyyarta cikakkiya, PRP ta shiga da jiha biyu ta fita da ɗaya da zuciya biyu. Ranar 1 ga Oktoban 1983 Lawal Kaita ya yi rantsuwar kama mulkin Jihar Kaduna, kujerar da haɗin kan mako ɗaya ya hana shi a 1979. Wata uku ya yi a kai soja suka kifar da jamhuriyar ranar 31 ga Disamba, suka tsare gwamnonin NPN da na PPA a gidajen yari ɗaya. A 1984 gwamnonin soja suka dawo da haraji da jangali a jihohin Arewa, kuma babu wata jam'iyya da ta rage da za ta tsaya wa manomin Daudawa ta ce ba a isa ba.